Deben Ferret Finder Mk3M: na'urar gano inda feret ya maƙale a ramin zomo

A karkarar Birtaniya, daga wajen Satumba zuwa Maris, masu farautar zomo kan fita da feret, wani ɗan naman gida mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, mai kama da tunku. Ana ɗana raga a bakin kowane rami na gidan zomaye, a sa feret ciki, ya bi lunguna ya koro su, su fito a guje su zarge kansu a raga. Ranar da zomaye suka yarda suka fito, babu wata na'ura da ake bukata. Amma ba kullum suke yarda ba. Zomo kan shige ƙuryar da ba ta ɓulle ko'ina ba, ya cusa kansa a bango, ya kumbura jiki ya toshe hanya, ya bar wa feret bayansa kawai. Feret ya tsaya nan yana yaƙushi, ba shi da niyyar barin wurin. Wani lokacin kuma ya kashe zomon a ciki, ya ci ya ƙoshi, ya kwanta barci a jikin gawar mai ɗumi. Mai shi yana tsaye a sama bai san ko ƙafa biyu ne tsakaninsu ko goma ba, ga shi a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Saboda wannan halin aka ƙera Ferret Finder, kuma a kansa ya kamata a auna ta.

Kamfanin Deben da ke yankin Safok a gabashin Ingila ne ke yin ta, kuma abubuwa biyu ne a cikin kwalin. Na farko abin wuya ne da ake ɗaura wa feret, da ɗan ƙullin roba mai ɗauke da ƙananan batura irin na agogon hannu. Shi ne ke fitar da sigina da ke ratsa ƙasa. Na biyu akwati ne na hannu, ruwan lemo, mai jerin ƙananan fitilu da lambobi a gefensu, da ƙara da ke sauyawa gwargwadon kusanci. Nisan da yake ji ya kai ƙafa 16, wato kusan mita 5. Harafin M da ke ƙarshen sunan na maganaɗisu ne: abin wuyan ba shi da maɓallin dannawa, ana goga shi ne a jikin akwatin ya kunna, a sake gogawa ya mutu, kuma wata 'yar fitila tana ƙyaftawa idan yana kunne. Wannan gyara ne mai ma'ana. A tsohon samfuri sai an murɗe murfi an sa batir a duk fita, an naɗe da tef don kada laka ta shiga, da yatsun da sanyi ya riga ya ƙandare.

Launin ma ba ado ba ne. Akwati mai ruwan toka idan aka ajiye shi cikin busassun ganye ana haƙa, sai a yi ta nemansa. Wannan ana hango shi daga nesa.

Abin da mutum zai fara fahimta, wanda yawancin sababbin shiga ke kuskurewa, shi ne lambar da fitila ke nunawa ba zurfi ba ce. Nisa ne kai tsaye daga akwatin zuwa wuyan feret, ko ta wace fuska. Idan feret yana ƙafa 4 a ƙasa, kai kuma ka kauce masa da ƙafa 3 a sama, akwatin zai nuna maka 5. Lambar ba ta zama zurfi sai ka tsaya daidai bisa kansa, kuma a nan ne take mafi ƙanƙanta. Don haka neman feret neman mafi ƙarancin lamba ne. Ka sa akwatin a yanayin bincike, ka riƙe shi ƙasa-ƙasa, ka taka a hankali kana lilo da shi hagu da dama har ya fara ƙara. Daga nan ka mai da shi yanayin tantancewa, ka durƙusa, ka ja shi a kan layi guda dab da ƙasa. Lamba za ta yi ta raguwa sannan ta soma hawa. Inda ta fi sauka ka ajiye alama. Sai ka sake jan wani layin da ya gitta na farko a kan alamar, ka nemi inda ta fi sauka a kansa. Mahaɗar nan ita ce wurin. Akwai abin murɗawa da ke rage ƙarfin jin akwatin, kana rage shi da'irar da yake amsawa tana tsukewa, har ta dawo kamar faɗin bakin shebur. Wanda ya saba zai gama wannan cikin minti biyu.

A gangare lissafin ya ɗan bambanta, kuma zomayen Ingila suna son gangare: gefen kwalbati, tudun da shinge ya tsiro a kai, bakin tsohuwar hanyar jirgin ƙasa. A irin wannan wuri ka auna daga sama, ka kuma auna daga gefen gangaren. Sau da yawa sama zai ce ƙafa 5, gefe ya ce 2. Ta gefen za ka shiga, ka rage wa kanka aikin awa guda.

Kafin a kai ta daji, a gwada ta a tsakar gida da ma'aunin tef. A ajiye abin wuyan a ƙasa, a auna ƙafa 2, 4, 8, a ga me fitilu ke cewa a kowanne. Idan akwai ɗan saɓani, a riƙe shi a ka. Batirin da ya fara rauni yana sa sigina ta yi sanyi, akwatin ya ɗauka feret ya fi nisa, sai mutum ya ga an nuna masa ƙafa 4 alhali 3 ne, ya kai shebur da ƙarfi daidai inda dabbarsa take. Wannan shi ne haɗari mafi muni da ke tattare da na'urar, kuma maganinsa bai wuce sababbin batura a farkon kaka da wasu a aljihu ba. Sanyi ma yana cin batir, don haka wanda ya yi lafiya a ɗaki zai iya gazawa bayan awa biyu a ƙasa mai daskarewa.

Ɗaurin wuyan yana da nasa wahalar, domin wuyan feret kusan kaurinsu ɗaya da kansa. Idan aka sassauta, zai tuɓe shi a jikin saiwa ya fito abinsa, a bar mutum yana haƙa ƙafa uku don ya tarar da abin wuya kwance shi kaɗai. Idan aka matse, an cuce shi. Ma'aunin shi ne ya iya juyawa a wuya amma kada ya zame ta kan kunnuwa idan an ja shi a hankali, kan ɗan ƙaramin yatsa ya shiga da ƙyar. Namijin feret kan kai kilo 1 zuwa 2, ba ya ma sanin da abu a wuyansa. Macen kuwa sau da yawa ba ta kai kilo guda ba, kuma a kan 'yar ƙaramar mace ƙullin Mk3M yana da ɗan girma. Tana iya aiki da shi, sai dai a saba mata da shi a keji na 'yan kwanaki, a kuma ƙara huda madaurin idan ramukansa ba su kai ba. Girman nan yana bayyana a wani wuri kuma. Idon ragar zomo inci 2 ne zuwa 2 da kwata, an yi shi ne don feret ya ratsa ya wuce zomo kuwa ya maƙale, amma ƙullin kan sarƙe a zare. Idan feret ya leƙo, a ɗaga masa ragar, a bar shi ya fito da jikinsa duka kafin a ɗauke shi. Wanda ake cafka a bakin rami yakan koyi noƙewa, ya riƙa leƙowa yana komawa, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar cirewa.

Akwai abubuwan da ke rikita akwatin. Shingen lantarki na dabbobi yana sa shi ƙara a kai a kai daidai da bugun wutar, don haka a roƙi manomi ya kashe shi kafin a fara. Manyan wayoyin wuta da ke bisa kai, da wayar shinge da ta nutse cikin ƙasa, da tarkacen ƙarfe da aka binne a tsohuwar gona, duk suna iya karkatar da karatu. A nan Mk3M ya fi wanda ya gada natsuwa nesa ba kusa ba, amma bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Idan feret biyu ke ciki, kowanne da abin wuyansa, akwatin ba ya bambance su, mafi kusa yake bi. In ɗaya ya fito, a kashe nasa, ko a kai akwatin ɗaukarsa can nesa fiye da ƙafa 20, in ba haka ba za a yi ta bin sigina har a iske ta a cikin akwatin katako a gindin shinge. Haka kuma tun da maganaɗisu ne makunnin, kada a jefa abin wuya da akwati cikin jaka ɗaya suna gugar juna a mota. Zai iya kunna kansa ya kwana yana cin batir. A rana mai haske kuma sai an kare fitilun da tafin hannu kafin a karanta su.

Tsofaffin mafarauta da yawa har yau Mk1, samfurin farko na wannan na'ura, suke so, akwatin nan mai ruwan toka da ke ƙwanƙwasawa, mai faifan murɗawa da lambobi a jikinsa, wanda aka yi na ƙafa 8 da na ƙafa 15. An daina ƙera shi, shi ya sa na hannu yake tsada. Suna da hujja. Mk1 abu ɗaya yake yi, a murɗa faifai har ƙara ta ɗauke, a karanta lamba, shi ke nan. Mk3M yana da saurin ji, kuma a hannun wanda bai saba ba fitilu na ta tsalle duk lokacin da feret ya juya kai, har mutum ya rasa wanne zai gaskata. Sai dai Mk1 ba ya shiri da danshi, ga shi da kwashe hayaniyar kowace waya, ga wahalar samun abin wuyansa idan ya ɓata. Wanda ke da Mk1 mai lafiya ba shi da dalilin canzawa. Wanda zai fara yau, Mk3M ya kamata ya saya, ya ba shi makonni biyu na atisaye.

Babban aibin wannan na'ura ba a jikinta yake ba, a halin da take koya wa mai ita yake. Da zarar mutum ya ga zai iya sanin inda feret yake a kowane lokaci, sai ya kasa haƙuri. Minti uku da shigar feret ya kunna akwati, yana yawo a saman gidan zomaye, ƙara na tashi, takalmi na duka. Zomo yana jin motsin ƙasa sarai, da bugun ƙafa ma yake gargaɗin 'yan uwansa. Idan ya ji akwai abin tsoro a sama, sai ya gwammace ya tsaya ya fuskanci feret. Ta haka na'urar da aka saya don rage haƙa take ninka ta. Ƙa'idar da ta dace ita ce akwati ya zauna a kashe a aljihu. A tsaya bayan ramuka, inda iska ba za ta kai warin mutum ciki ba, ba magana, ba sigari. A saurara. Idan ana jin gudu a ƙarƙashi kamar ana mirgina wani abu, aiki na tafiya. Sai an yi minti 10 zuwa 15 shiru, a babban gida ma fiye da haka, sannan a kunna. In an same shi ma, a jira minti biyar a sake aunawa. Idan ya matsa, yana kan aiki, a ƙyale shi. Sai ya kafe wuri guda ake ɗaukar shebur.

Haƙar kanta tana da tsari. A yanka ciyawar sama murabba'i, a ɗauke ta da saiwarta a ajiye gefe guda, ƙasa kuma a tara ta a ɗaya gefen. Ramin ƙafa 3 yana son faɗin aƙalla ƙafa 2, domin ramin da ya tsuke ba ya barin hannu ya yi aiki a ƙasansa. Bayan kowace ƙafa guda a zura akwatin cikin ramin a sake aunawa, saboda ƙaramin kuskure a sama yana girma a ƙasa, kuma feret na iya ja da baya idan ya ji sara. Idan saura inci 6, a ajiye ƙarfi. A ɗauki siririyar sandar ƙarfe mai ɗan kumburi kusa da baki, a tura ta a hankali har a ji ta faɗa fanko. Nan ne rufin hanyar. A buɗe shi da gefen shebur ko da hannu, kuma ya fi kyau a ɓullo ɗan bayan feret maimakon bisa kansa. A fara fitar da feret a sa shi a akwatinsa, sannan a jawo zomo ta ƙafafun baya a gama da shi nan take ba tare da jinkiri ba. A sake leƙawa, domin a ƙurya ɗaya akan tarar da biyu ko uku sun jeru. Kada a zura hannu inda ido bai gani ba sai an fara taɓawa da sanda.

Ƙafa 16 da akwatin ke ji ba yana nufin a haƙa ƙafa 16 ba. A ƙasar yumɓu ko ta alli yawancin haƙa ƙafa 2 ne zuwa 4. A rairayi zomaye kan nutsa sosai, kuma bangon rairayi yana ruftawa ba sanarwa. Ramin da ya wuce ƙugu a irin wannan ƙasa ba wurin da mutum zai zura kai ba ne, balle yana shi kaɗai. Idan lamba ta ce 9 ko 10, amfanin na'urar shi ne ta gaya maka kada ka haƙa. A toshe sauran ramuka, a bar ɗaya da akwatin feret a bakinsa da ciyawar kwanciyarsa da ɗan nama, a dawo da asuba. Yawanci za a same shi a ciki yana barci. Abin da ke rage faruwar wannan tun farko shi ne a ba feret ɗan abinci kafin a fita, domin mai yunwa ne ke kisa ya zauna ci.

In an gama, a rufe bakin hanyar da ɗan dutse ko itace, a mayar da ƙasa, a danna, a ɗora ciyawar a mazauninta. Ramin da aka bari a buɗe yana karya ƙafar doki ko saniya, kuma yana kashe izinin da manomi ya bayar. Izinin nan shi ne tushen komai. Laifi ne shiga gonar wani da feret ba da yardarsa ba, kuma ya fi kyau yardar ta kasance a rubuce. Manoma da yawa suna maraba da masu feret, domin dokar yaƙi da dabbobi masu ɓarna ta 1954, wadda ta zo shekara guda bayan cutar mikzomatosis ta ɓulla a yankin Kent na kudu maso gabashin Ingila ta kusa ƙarar da zomayen ƙasar, ta ɗora wa mai riƙe da ƙasa a kusan dukan Ingila da Wels alhakin rage zomayen da ke cikinta. Dokar farauta ta 2004 ta bar damar amfani da kare a kan zomo idan akwai izinin mai ƙasa, amma a Sikotland dokar 2023 ta shigar da zomo cikin dabbobin da aka taƙaita farautarsu da karnuka, don haka mai zuwa can da kare ya karanta ta tukuna. Sannan akwai baja, dabbar nan mai zanen fari da baƙi a fuska, wanda dokar 1992 ta hana taɓa gidansa. Bakin raminsa ya fi na zomo faɗi, ya fi faɗi a kwance fiye da tsaye, da tulin ƙasa babba da busasshiyar ciyawa a gaba. Zomaye kan raɓa a gefensa. Duk inda aka ga haka a wuce, domin sigina ba za ta zama hujja a kotu ba.

Masu korar zomo zuwa bakin bindiga, ba raga, su ma suna bukatar na'urar, har fiye, tun da sukan zaɓi manyan gidaje a fili. Sai dai a nan mai riƙe da akwati kada ya motsa sai an buɗe bindigogi an cire harsashi, kuma ba a harbin zomo a bakin rami, saboda feret na iya kasancewa dab da wutsiyarsa.

Kafin zuwan irin wannan akwati, namijin feret ake ɗaura wa doguwar igiya mai ƙulli a kowane yadi, a sa shi ya bi sawu ya kori wanda ya maƙale ya zauna a wurin, a ƙirga ƙullin da suka shige, a yi ta haƙa ramuka a jere ana bin igiyar, wadda kuma kan sarƙe a saiwa. Wasu kan ɗaure wa feret baki, abin da ke barin sa ya mutu da yunwa idan ya ɓata. Barin waɗannan ba asara ba ce. Sana'ar tsohuwa ce, tun a 1390 an yi doka a Ingila da ta hana wanda kuɗin shigarsa bai kai sule 40 a shekara ba ajiye feret, kuma abin da ya riƙe ta tsawon nan shi ne abin da babba ke nuna wa yaro a bakin rami: yadda ake gane ramin da ake shiga daga sabon kashi da santsin bakinsa, yadda ake neman ɓoyayyen ramin tsira cikin ciyawa, yadda ake shimfiɗa raga zobe ɗaya a cikin rami ɗaya a sama a kafa turke, yadda ake tsayawa shiru cikin sanyi. Yaron da aka fara miƙa wa akwati ba zai koyi sauraro ba. A bar shi ya yi kaka guda a kan raga da ɗaukar feret. Akwatin kuwa a koya masa a gida: a ɓoye abin wuya cikin bututu ƙarƙashin tarin ciyawa ko a binne shi cikin gwangwanin roba ƙafa guda, a ce ya nemo ya faɗi zurfin kafin a tona. Ƙungiyar BASC ta masu farauta da harbi a Birtaniya, wadda ta samo asali tun 1908, tana da shiri na matasa da inshora ga mambobinta, kuma manoma da dama sukan tambayi inshorar kafin su ba da izini.

Kuɗin na'urar ya ninka na feret ɗin kansa sau da yawa, ya kuma fi na raga ashirin da akwatin ɗauka a haɗe. Duk da haka ita ce ya kamata a fara saya, a rage yawan raga idan aljihu bai kai ba, a fara da ƙananan gidaje masu rami biyar ko shida. Kowane feret da zai shiga ƙasa ya sami nasa abin wuyan, don haka mai biyu ya sa kuɗin na biyu a lissafi tun farko. Wanda zai sayi na hannu ya buɗe wurin batir ya duba ko akwai tsatsa ko farin gari, ya gwada makunnin maganaɗisu sau da yawa a jere, ya auna da tef har zuwa ƙafa 12 ko fiye, kuma kada ya ɗauka abin wuyan wani samfuri zai yi magana da akwatin wani sai ya gani da idonsa. A ƙarshen kowace fita a goge laka da ɗanyen tsumma, a bar su su bushe a ɗaki ba a kan abin ɗumama ɗaki ba. Idan Maris ya zo aka fara ganin 'ya'yan zomo, lokacin ajiye kaya ya yi, a cire batura daga akwati da abin wuya duka kafin a adana su, domin batirin da ya kwana wata shida a ciki yakan zubo ya cinye ƙarafan da ke taɓa shi.